Abin da masu tara faifai suka koya mini a shagon gyara

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya ce a Gusau, kuma a bakin aikin nan na san masu tara faifan garmaho. Ba su da yawa. Galibinsu dattawa ne, tsofaffin ma'aikatan reluwe da malaman makaranta da suka yi ritaya, sai matasa ƙalilan da suka gaji akwatin faifai daga kakanninsu. Gyaran inji ke kawo su, hira ta zaunar da su har la'asar.

A hannunsu na san cewa faifai iri-iri ne. Tsohon, mai juyi 78 a minti, da ƙaron shalak aka yi shi, ga nauyi, in ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran. Na roba daga baya suka zo: kamfanin Columbia ya fito da mai juyi 33 a 1948, RCA ya biyo da mai 45 a 1949. Layin da allura ke bi a faifan 78 ya fi faɗi, don haka allurarsa daban take. Allurar ƙarfe ta garmahon da ake wanawa da hannu, sauya ta ake yi bayan kowane gefe, kuma duk wanda ya ɗora ta a kan faifan roba ya kashe shi. Ba a goge shalak da sifirit, narkar da shi yake. Zafin bazararmu kuwa lanƙwasa roba yake yi, shi ya sa suke jera faifansu a tsaye cikin ɗaki mai inuwa, a rufe saboda ƙurar hunturu.

Wannan duk ana iya koya a littafi. Abin da ba ya cikin littafi shi ya fi kama zuciyata. Gefen faifan 78 mai inci 10 ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku, alhali makaɗin fada kan daɗe yana zuba waƙa, yana jero asalin sarki, 'yan amshi suna karɓa. Ke nan abin da ya shiga faifai guntu ne. Sau da yawa allura za ta kai ƙarshe, sai wani dattijo ya ɗora da bakinsa daga inda aka yanke, ya faɗi wanda aka yi wa waƙar da wanda aka yi wa zambo a ciki. Takardar da ke tsakiyar faifan ba ta faɗin haka. Sunan mawaƙi ne kawai da lambar kamfani, wani lokaci ma sunan a karkace aka rubuta shi. 'Yan amshi da makaɗa, ko oho.

Na tashi ina jin Musa Ɗanƙwairo Maradun a rediyo da kaset, amma a shagon nan aka buɗe mini kunne. Wani tsoho ya kan ɗaga yatsa ya ce, "Saurara da kyau, ɗana, wanga kotso na, ba taushi ba." In ce, "Baba, a sake sa shi." Haka muke yi har na iya bambance su.

Ba kiɗan gida kaɗai suke da shi ba. Tsofaffin reluwe, waɗanda suka yi aiki a layin da ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sun zo da kiɗan hailaif na kudu a faifan Decca da Philips, da kiɗan Kwango, da waƙoƙin Indiya. Kowa na aron na wani, kuma ba a mayar da faifai sai an faɗi abin da aka ji a ciki.

Abin da ke damuna shi ne in ɗayansu ya rasu. Magada ba su san darajar akwatin ba, yara su yi wasa da wasu, sauran a zubar. Yanzu duk faifan da ya shigo shagona, da izinin mai shi nake naɗarsa a kwamfuta, in rubuta a littafi duk abin da dattawan suka ce game da shi: wa ya yi kiɗan, a wace fada, da baitocin da aka yanke. In mai faifai ya rasu kuma, bayan an share makoki nakan je in roƙi iyalinsa kada su taɓa akwatin sai mun yi magana.