Godiya ga waɗanda suka zauna da mu bayan ruwan Alau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin iyalina da maƙwabtanmu na Gwange nake wannan rubutu. Alhamdulillah, mun koma gida, an ta da katangar da ta faɗi, an sake daɓen ɗakuna, yara sun koma makaranta. Na daɗe da wannan godiya a raina, sai yanzu hankali ya kwanta.

Duk ɗan Maiduguri ya san abin da ya same mu ranar Talata 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shigo gari. Ruwa ya ci Gwange da Fori, ya shiga Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, har namun dajin gidan zu bai bari ba. Rabon garin da irinsa tun 1994. Matasan da suka goya tsofaffi suka fita da su, masu kwalekwale, sojoji, 'yan kato da gora, ma'aikatan Red Cross, 'yan'uwa na Kano da Damaturu da suka aiko da abinci da sutura, Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku ladan da bakinmu ba zai iya ƙirgawa ba.

Sai dai akwai wani taimako da ba a sauke shi daga mota, kuma shi na fi so in tsaya a kai. Da yawa daga cikinmu ba wannan ne gudunmu na farko ba. Mahaifiyata da ƙafa ta baro Bama a Satumban 2014, lokacin da Boko Haram suka kama garin, ta yi zaman sansani a Dalori kafin mu ɗauko ta. Da ruwa ya kore mu zuwa Bakasi, sansanin da aka rufe tun 2021 aka sake buɗewa saboda ambaliyar, sai ta daina magana. Abinci sai da lallami. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura tana neman mayafinta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tsufa.

Wata baiwar Allah cikin masu aikin sa kai ita ta gane. Ta yi sallama, ta cire takalmi, ta ce, "Inna, in zauna?" Ba ta fito da takarda ba, ba ta ce a ba ta labarin abin da ya faru ba. Ta tambaye ta inda ta fi son zama, Inna ta nuna kusa da ƙofa, nan aka shimfiɗa tabarma. Haka ta riƙa zuwa, wani lokaci gaisuwa kawai ta tafi. Mu kuma ta ja mu gefe ta yi mana bayani cewa jikin da ya taɓa ganin tashin hankali yakan zauna cikin shirin gudu ko da haɗarin ya wuce, ihun daren ambaliya shi ya tayar da na Bama. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ta ce mu sanar da Inna kafin mu taɓa ta ko mu rufe ƙofa, kada mu tashe ta a barci da garaje, mu bar ta ta zaɓi abin da za ta ci, mu kuma ba ta aiki. Tsintar wake aka fara ba ta. A bakin faifan nan ta fara yi wa yara faɗa, mu kuwa muka yi ta kukan murna. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan magabatanki.

Ita ce kuma ta raka mu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, wurin da mutanenmu ke jin kunyar a gan su. Likita ya saurari Inna bai katse ta ba, ya faɗa mata aikin maganin kafin ya rubuta. Muna godiya.

Malam limamin unguwa, godiyarmu ba ta da iyaka. Da ya ji ana ce wa masu rashin barci ba su da tawakkali, sai ya tuna mana a huɗuba cewa Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa bai yi haƙuri ba. Bayan wannan huɗuba maza suka fara faɗin abin da ke cin su. Wani maƙwabcinmu da ruwa ya cinye masa shago ya daina fita, abokansa ba su yi masa wa'azi ba, suka kwashi benci da butar shayi suka mayar da majalisa ƙofar gidansa har ya fito da kansa.

Malaman firamare ma suna da kaso babba. Yaranmu in suka ga hadari ya haɗo sai su fara tattara takalma. Malamar ajin ɗana ba ta ɗauki bulala ba, ta matso da shi kusa da ita, ta ba su takarda su zana abin da suke so. Ina kuma jinjina wa duk wanda ya ba mu taimako bai ɗauki hotonmu ba. Mai hannu a buɗe yana karɓa ya fi kowa buƙatar a rufa masa asiri.

Matan unguwa, zaman da muka fara a sansani bai watse ba. Har yanzu muna haɗuwa duk Alhamis bayan la'asar, mun haɗa shi da adashe. Sharaɗinmu bai canza ba: ba a tilasta wa kowa magana, abin da aka faɗa a tabarma ba ya fita waje, wadda abin ya yi wa nauyi kuma a raka ta asibiti. Duk matar da har yau ƙarar ruwan sama ke hana ta barci, ta zo, ko ba za ta ce komai ba.

Waɗanda ruwa ya tafi da su Allah ya jiƙan su, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙuri. Waɗanda har yanzu ba su samu komawa gida ba, Allah ya buɗa musu. Amin.