Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da ta ce cutar ba daga soja take ba

A makon jiya mun tsaya inda likita ya duba sakamakon jinina ya ce halittar nan ta gaban wuya, wadda suke kira tayirod, ta yi sanyi, ba ta fitar da sinadarin da jiki ke buƙata. Ashe kasalar da ta hana ni sakat tun bayan dawowata daga Iraƙi, da jin sanyi ana tsakiyar bazara, da ƙibar da ba ta ci ba ce, da mantuwa, duk tushensu ɗaya. Ya ɗora ni a kan ƙwayar levothyroxine, kullum da asuba kafin in sa komai a ciki. Da na kira Hajiya a Zariya na faɗa mata, sai ta ce, "Maƙoƙo ne ke nan? Ka dinga cin gishiri mai aidin." Na ce, "Hajiya, wuyana bai kumbura ba, wannan a jini ake ganinta." Ta yi shiru, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Na nemi haƙƙina na tsohon soja, kamar yadda dokar Amurka ta tanada ga wanda aiki ya bar masa lalura. Amsa ta zo daga ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji: sun yarda ina da cutar, sun yarda na yi aiki a sansanin Balad, amma babu hujjar da ta haɗa biyun. A takardun asibitina na soja babu inda aka taɓa gwada tayirod ɗina. To wa zai gwada? Saurayi da ƙarfinsa ya ce ya gaji, ce masa ake yi ya sha ruwa ya kwanta.

Ranar ban ci abinci ba. Maiɗakina ta ɗauki takardar ta karanta har ƙarshe, ta ce, "Abban Sadiƙ, ai sun ba ka shekara ɗaya ka ɗaukaka ƙara. Ga shi nan a shafin baya."

Wanda ya warware mini zaren wani dattijo ne baƙar fata, tsohon sojan Biyetnam, da ke taimaka wa irinmu kyauta a ofishin wata ƙungiyar tsofaffin sojoji. Irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar DAV da American Legion, ba sa karɓar ko sisi a kan wannan aiki. Shi ma cutar ce da shi. Ya ce su da gubar Agent Orange ta shafa, wato maganin kashe tsirrai da aka fesa a dazukan Biyetnam, sun yi shekaru suna fama, sai a 2021 doka ta sa sanyin tayirod cikin cututtukan da ake ɗauka kai tsaye cewa gubar ce ta jawo, ba sai mutum ya kawo hujja ba. Yaƙin kuwa tun 1975 ya ƙare. Ku lissafa mutum nawa suka riga mu gidan gaskiya kafin nan.

Mu da muka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanoni irin na Balad, inda ake zuba roba da batir da tarkacen asibiti a watsa man jirgi a cinna wuta, dokar PACT ta watan Agusta 2022 ta share mana hawaye a kan asma da cututtukan huhu da ciwon daji iri-iri. Sanyin tayirod bai shiga jerin ba. Dole in kawo hujjata da kaina.

Dattijon ya ce tun Fabrairun 2019 hanya uku ce ta neman a sake duba hukuncin. Ko ka nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ba a ƙara komai. Ko ka kai gaban alƙalin kwamitin ɗaukaka ƙara da ke Washington, wanda kan ɗauki lokaci mai tsawo. Ko kuma ka shigar da ƙarin buƙata da sabuwar hujja, a fom mai lamba 20-0995. Ya ce, "Ɗana, fayil ɗinka ba kuskure ne a ciki ba, rami ne. Cike shi za ka yi." Muka zaɓi ta ukun.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mizanin da doka ta sa. Ba a ce likita ya rantse cewa hayaƙin ne ya jawo ba. Ya isa ya rubuta, da dalilansa, cewa yiwuwar hakan ta kai rabi. In hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Wannan adalci ne, kuma da yawa daga cikinmu ba su san da shi ba, suna ganin takardar farko su naɗe tabarma.

Bai ɓoye mini komai ba game da kuɗin. A ƙa'idar da aka sabunta a Disambar 2017, kashi 30 cikin 100 na ma'aunin nakasa ake bayarwa na wata shida bayan gano cutar, daga nan sai a auna abin da ta bari a jiki, kamar matsalar ciki ko ta fata ko damuwa, kowanne da ma'auninsa. Na ce ko ba yawa, ina son a rubuta cewa a bakin aiki na same ta.

Maiɗakina ta rubuta shaidarta, yadda na tafi da yadda na dawo. Wani abokin aikina da muka kwana tanti ɗaya ya rubuta tasa a kan hayaƙin. Saura wasiƙar likita, kuma likitan farko da na tunkara ya ce shi ba ya rubuta irin wannan.

Yadda muka samu wanda ya yarda ya karanta fayil ɗin gaba ɗaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.