Inuwar Orlok da haƙƙin gwauruwa

Muna aji uku a jami'a malaminmu na darasin fim ya kashe fitilar ɗakin kallo, ya saka mana Nosferatu, fim ɗin tsoro da Jamusawa suka yi a 1922. Baƙi da fari ne, ba magana, sai rubutu da ke fitowa jefi-jefi. 'Yan aji suka fara gunaguni. Amma da aka zo inda inuwar Orlok, dodon fim ɗin mai shan jinin mutane, take hawa bene, farata zaƙo-zaƙo a jikin bango, sai ɗakin ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta. Ranar na gane cewa abin da ido bai gama gani ba ya fi firgita zuciya. Da kyamara ɗaya mai ɗaukar hoto Fritz Arno Wagner ya yi aikin, sauran duk sarrafa haske ne da duhu.

Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne labarin da malam ya ba mu bayan an kunna fitila. Kamfanin Prana Film ya ɗauko labarin ne daga Dracula, littafin da Bram Stoker ɗan ƙasar Ailan ya fitar a 1897, ba tare da neman izini ba. Henrik Galeen ya rubuta, F. W. Murnau ya ba da umarni. Suka mayar da sunan dodon littafin, wato Dracula, Orlok, saurayin da ya je gidansa mai suna Harker ya koma Hutter, aka ɗauke labarin daga Ingila zuwa wani ƙagaggen gari na Jamus. Aka yi gagarumin bikin nuna shi a Balin ranar 4 ga Maris, 1922, masu sharhi a jaridu suka yaba.

Stoker ya rasu tun 1912, ya bar matarsa Florence, kuma haƙƙin littafin yana hannunta. Da labari ya iske ta sai ta kai ƙara. Kamfanin ya karye, bai sake yin wani fim ba, a 1925 kuma kotu ta ce a lalata duk kwafin da ke akwai. Albarkacin waɗanda suka riga suka bazu a wasu ƙasashe ne muke kallonsa yau. A aji yawancinmu mun ga baƙin matar nan, wai ta kusa hallaka fim mai daraja. Ni ma haka na ɗauka a lokacin.

Sai da na fara rubuta labarin fim a Kano na sauya ra'ayi. Wata rana wani furodusa ya ajiye mini littafin wata marubuciya a kan tebur, ya ce, "Malam, ka sauya sunaye, ka mayar da garin ƙauye, shi ke nan ya zama namu." Na karanta littafin a dare biyu, na ga irin wahalar da baiwar Allah ta sha kafin ta haɗa shi. Washegari na ce masa, "Alhaji, gara mu je mu same ta. Sauya suna ba ya mallaka wa mutum gonar wani." Ya yi jim, ya ce kuɗi za ta tsawwala. Na ba shi labarin Prana Film daga farko har ƙarshe. Ban ce shi ya sa ya yarda ba, amma dai mun je.

Akwai wani ɓangare da nake yawan tunawa idan ina aiki. Abubuwan da mutane suka fi riƙewa a Nosferatu yawanci ba daga littafin suka fito ba. Annobar da ɓeraye suka shigo da ita gari daga jirgin ruwa, jerin akwatunan gawa a titi, da yadda hasken alfijir ya halaka Orlok, duk na masu fim ɗin ne, domin a littafin, Dracula yana yawo da rana ba ya mutuwa. Kamannin da ɗan wasa Max Schreck ya fito da su a matsayin Orlok ma, sanƙo da haƙora irin na ɓera, sun yi daidai da labarin annobar. Mutanen nan suna da basirar da za ta ishe su. Wasiƙa ɗaya zuwa ga gwauruwar da 'yan kuɗi kaɗan suka kasa, kuma wannan yana ba ni takaici har yanzu.

Marubuciyar ta karɓe mu a falonta, ta sa aka kawo mana ruwa. Kuɗin da ta nema bai kai abin da Alhaji yake tsoro ba, sharaɗinta babba shi ne a sa sunanta a farkon fim. Da na gaya mata ina so in sauya ƙarshen labarin, sai ta ce, "Ɗana, sauya, amma kada ka kashe mini uwar yarinyar." Muka zauna har la'asar muna gyara wannan fitowa tare.