Abin da Qt Charts ya koya mini game da lasisi

Manhajar da na rubuta don lissafin kaya a shagunan magani sayar da ita nake yi, kuma kod ɗinta yana hannuna ni kaɗai. Na gina ta a kan laburaren Qt, wato tarin kod da aka riga aka rubuta don gina manhajoji, bisa fahimtar cewa lasisin LGPL, wanda ake samun Qt kyauta a ƙarƙashinsa, ya yarda da haka muddin laburaren yana zaune a nasa fayilolin daban, waɗanda ake kira DLL, manhajar tana kiran sa lokacin da take aiki, ba a narkar da shi cikin jikinta ba. Fahimtar daidai ce, sai dai rabin magana ce.

Da na zauna na karanta sashe na 4 na LGPL bugu na 3, wanda ya fito a 2007, na gane cewa abin da lasisin yake karewa shi ne damar mai saye ya cire laburaren, ya sa wanda ya gyara da kansa, manhajar ta ci gaba da aiki. Saboda haka wajibi ne in bayyana cewa na yi amfani da Qt, in haɗa da kwafin GPL (lasisin da aka gina LGPL a kansa, wanda ya fi shi tsauri) da na LGPL, kuma kada in hana kowa warware manhajar, wato binciko yadda aka gina ta, domin gano kuskure a gyaran da ya yi. Yarjejeniyar da nake ba masu saye kuwa, wadda na kwafo ba tare da dogon nazari ba, ta haramta warwarewar gaba ɗaya, don haka na sake rubuta ta.

Babbar matsalar ta ɓullo ne daga zanen da ke nuna hawa da saukar ciniki. Da Qt Charts, ɓangaren Qt na zana jadawali, na yi shi, ashe wannan ɓangaren ba ya ƙarƙashin LGPL. Ko dai GPL bugu na 3, ko a sayi lasisin kasuwanci. Matsayin gidauniyar Free Software Foundation, wadda ta wallafa GPL da LGPL, shi ne cewa haɗa manhaja da laburaren GPL, ko ta wace hanya, yana mayar da su aiki guda, wanda dole a saki kod ɗinsa ga duk wanda aka ba manhajar. Akwai lauyoyin da suke ja da wannan, suna cewa dokar haƙƙin mallaka ce ke da ta cewa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, amma ni ba ni da kuɗin zama zakaran gwajin dafi a kotu.

Na cire Qt Charts, na sake yin zanen da QPainter, kayan zane na Qt wanda yake cikin ɓangaren da ke ƙarƙashin LGPL. Aikin ya ci mini mako uku, zanen kuma bai kai na farko kyau ba. Yanzu ina ajiye takarda mai sunan kowane fayil ɗin DLL da ke fita tare da manhajar, da lasisinsa a gefe.