Na cika shekara 26, ga godiyata

Assalamu alaikum. Tun daren Talata wayata ba ta huta ba. Masu kira, masu turo saƙo a WhatsApp, masu ɗora hotona a Facebook suna jero addu'o'i a ƙasa, har da waɗanda rabon da in ji muryarsu tun muna sakandare, duk na gani kuma na ji daɗi. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Allah Ya saka muku da alheri, Ya nuna mana naku ranakun farin cikin.

Umma, na san ba kwa shiga Facebook, amma auta za ta karanta muku. Kiran ku ne ya fara shigowa, kuma addu'ar da kuka yi mini ta ishe ni guzurin shekara. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Yaya, kai ne ka riƙe ni a 2022 lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu wata 8 a gida, daga Fabrairu har Oktoba, zuciya ta fara raya mini in watsar da karatun gaba ɗaya. Ba ka yi mini dogon wa'azi ba, hannuna ka kama ka kai ni wajen Oga. Oga kuma, ka karɓe ni ban san bambancin inbata da batir ba, ka haƙura da ni har na iya hawa rufin gida in ɗaura farantin sola ni kaɗai. Yau da wannan sana'ar nake ci, takardar digirina kuwa tana cikin akwati tana jiran rabonta. Allah Ya biya ku.

Abin da ya ba ni dariya cikin saƙonnin shi ne yawan masu rubuta “Allah Ya kai mu ranar da za mu kira ka Onarabul.” Na san da zuciya ɗaya kuka faɗa, domin kun san ni da zafin siyasa. To bari in gaya muku inda na tsaya yanzu, kada ku ci gaba da jiran fosta ta.

A 1999 aka haife ni, shekarar da sojoji suka miƙa wa Obasanjo mulki ranar 29 ga Mayu. Ni da wannan dimokuraɗiyyar sa'o'in juna ne, tare muka girma, kuma tun ina firamare ake gaya mana mu ne manyan gobe. A 2015 shekaruna ba su kai na zaɓe ba, amma na ga yadda iyayenmu suka wuni a rana a rumfunan zaɓe suna cewa a kasa, a tsare, a raka. Na yarda a lokacin cewa ƙuri'a tana iya juya ƙasa. Da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara a Mayun 2018, aka mayar da na shugaban ƙasa 35 daga 40, na majalisar wakilai da ta jiha 25 daga 30, har lissafi na yi na shekarar da zan cancanta. Ga shi na cancanta tun bara. Sai dai a 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai a jam'iyya mai mulki naira miliyan 10 ne, na shugaban ƙasa miliyan 100, kafin a zo ga deliget da abin da ake damƙa musu a daren zaɓen fidda gwani. Matashin da ba shi da ubangida, ko mahaifin da ya tara, dokar ba ta canza masa komai ba.

A zaɓen 2023 na yi wa wani ɗan takara aiki tuƙuru. Na zama ejan ɗinsa a rumfarmu, na kare shi a intanet dare da rana da datar da na saya da kuɗina, a daidai lokacin da canjin takardun naira ya sa mutum ba ya iya taɓa kuɗinsa na banki. Ya ci. Bayan rantsuwa lambarsa ta daina shiga, wannan kam ban damu ba, ba don a ba ni wani abu na yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na gan shi ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar da ya sa muka yi ta caccaka, yana rungume da mutumin da ya rantse mana ɓarawo ne, suna dariya. Mu kuwa da muka ɓata da abokai saboda su, har yau wasu ba ma gaisawa sosai. Ɗaya daga cikin waɗannan abokan ya kira ni jiya, kuma kiransa ya fi mini saƙo ɗari. Abokina, ka san kanka, na gode.

Ba ni kaɗai na gaji ba. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a 2023, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Sannan aka cire tallafin man fetur a jawabin rantsuwar sabon shugaban ƙasa, rayuwa ta yi tsada yadda kowa ya sani, ba sai na faɗa ba. Amma abin da ya ƙarasa kashe mini jiki ya faru ne a Nuwamban 2024, da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a wata kotu a Abuja, bayan kusan wata 3 a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An sake su daga baya, bayan duniya ta yi ca. Na dubi shafukan manyan da muke yi wa sojan baka, mafi yawansu shiru kake ji.

Katin zaɓena yana nan, kuma zan fita in jefa ƙuri'a duk ranar da aka ce a fito, domin zaman gida ma wani yake yi wa daɗi. Abin da na daina shi ne zagin ɗan'uwana saboda wani mai babbar riga, da ɗora lissafin rayuwata a kan wanda zai ci zaɓe. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma ma sun fi shiga idona yanzu, su ne zan iya tarar da su in tambaye su zancen asibitin da ba magani.

Burina na wannan shekarar bai da yawa. Ina so in tsaya da ƙafata a sana'a, da izinin Oga da albarkarsa, in ɗauki yara biyu in koya musu kamar yadda aka koya mini, kuma in haɗa wa Umma sola mai ƙarfin riƙe firji, domin na gaji da haskaka gidajen mutane namu yana cikin duhu. Akwai kuma kwas ɗin lantarki da nake son kammalawa in samu takardar shaida, saboda manyan ayyuka ba sa zuwa hannun wanda ba shi da ita komai iyawarsa. Masu tambayar me za su ba ni na kyauta, ku haɗa ni da mai neman a ɗaura masa sola, ya wadatar.

Gwaggo, na ji saƙonku na murya har ƙarshe, kuma na gane inda zancen ya dosa. Maganar aure tana nan tafe in sha Allahu, amma ku bar ni in fara sayen tsani da na'urar gwajin wuta tawa ta kaina tukuna.