Cire shiru daga bidiyon hira: yadda muke yin aikin a shagonmu

Shagonmu ƙarami ne, ɗaki biyu ne a saman bene a wajejen Titin Gidan Zoo a Kano, ɗaya na ɗaukar hira, ɗaya na tacewa, kuma mu huɗu ne a ciki, ni da yara uku da nake koya wa aiki. Sana'armu ita ce ɗauka da tace shirye-shiryen hira na bidiyo, waɗanda ake kira fodkas, da masu su ke ɗorawa a YouTube da Facebook, sannan su yanko guntaye su watsa a TikTok. Wanda bai taɓa zama a ɗakin tacewa ba zai ɗauka cewa wahalar aikin tana wajen gyara launi ko sanya rubutu a ƙasan hoto, alhali abin da ya fi cin lokaci da hankali shi ne wuraren da ba a ce komai ba, wato shirun da ke tsakanin magana da magana. Baƙo zai tsaya ya kurɓi ruwa, mai gabatarwa zai sunkuya ya duba takardarsa, wani zai yi ta laluben kalma har ya samo ta, kuma mai kallo a waya, wanda da kuɗinsa ya sayi data, ba ya jiran kowa. Da zarar hira ta yi sanyi sai ya wuce gaba.

Ban fara wannan aiki a gaban kwamfuta ba. Na fara shi ne ina matashi a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana aikin sauti a gidan rediyo kafin ya buɗe wurinsa, kuma har zuwa lokacin da na same shi yana ajiye da tsohuwar na'urarsa mai zare a kan faifai biyu. A kanta ya koya mini yanka. Zaren yana gudu santimita 19 a kowane sakan, saboda haka shirun rabin sakan abu ne da za ka riƙe a hannunka ka gani, ɗan zare da bai kai tsawon tafin hannu ba. Sai ka riƙa juya faifan da hannu gaba da baya a hankali har ka ji inda kalma ta mutu, ka yi alama da farin fensir, ka kwantar da zaren a kan ƙaramin katakon yanka, ka sa reza a karkace, sannan ka haɗa bakin biyu da salatif. Ba ya yarda a zubar da abin da aka yanke, yakan rataye guntayen a wuyansa har a gama aiki. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce: “Yaro, abin da ka cire da safe kana iya nemansa da la'asar, domin numfashin mutum ma magana ne.” Daga baya muka koma Cool Edit, manhajar tace sauti da kamfanin Adobe ya saya a 2003 ya maida ta Audition, reza ta koma linzamin kwamfuta, amma yankan bai daina zama na hannu ba, ɗaya bayan ɗaya, har hirar awa guda takan cinye mini yini.

Yanzu akwai manhajojin da ke yin wannan yanka da kansu, kuma ina amfani da su kullum, ba na ɓoyewa. Yadda suke aiki ba sihiri ba ne. Manhaja tana bin sautin daga farko zuwa ƙarshe tana auna ƙarfinsa da ma'aunin desibel, inda sifili shi ne ƙololuwa, duk abin da ya yi ƙasa kuma ana rubuta shi da alamar ragi. Kai ne za ka gaya mata abu uku: iyakar da idan sauti ya sauka ƙasa da ita za a ɗauke shi shiru, tsawon lokacin da zai daɗe a ƙasan kafin a taɓa shi, da kuma ɗan rarar da za a bari a gaba da bayan kowace magana. Manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, idan ba ka sauya mata komai ba tana neman wurin da sauti ya sauka ƙasa da desibel -60 har na tsawon sakan 2. Wata kuma mai suna auto-editor, ita ma kyauta, tana barin rarar sakan 0.2 a gefen kowace magana, kuma tana iya miƙa maka aikin a buɗe ka shigar da shi manhajar tace bidiyo irin su Premiere Pro ko DaVinci Resolve ka ci gaba da hannu. Wannan hanya ta ƙarshe ita muke bi, domin kowane yanka yana nan a bayyane a kan layin aiki, ana iya ja da shi baya ko a soke shi.

Matsala ta farko ita ce ɗakin da aka tsara waɗannan alƙaluma dominsa ba ɗakinmu ba ne. A nan idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ko fanka tana juyawa a watan Afrilu lokacin da ba mai iya zama a rufe babu iska, ko ƙarar adaidaita sahu tana shigowa ta taga, sautin ɗaki ba ya taɓa sauka zuwa -60, sai manhaja ta gama bincikenta ta ce ba ta ga shiru ko ɗaya ba. Wanda bai iya ba sai ya ɗaga iyakar sama sosai don ta sami abin yankawa, nan take ta fara cin maganar mutane. Mu sai mun fara wanke sautin daga gunjin janareta, mun auna inda ainihin shirun wannan ɗaki a wannan rana ya tsaya, sannan mu sa iyakar ɗan sama da shi kaɗan, kuma iyakar da ta yi daidai da hirar safe ba lallai ta yi da ta yamma ba, ko da kujerun da mutanen ba su sauya ba.

Matsala ta biyu ta shafi harshenmu ne, kuma a nan ne nake ganin bambancin wanda ya koyi sana'a da wanda ya sauke manhaja jiya. Bahaushe ba ya sauraro da baki a rufe. Baƙo yana bayani, mai gabatarwa yana cewa “na'am”, “to”, “haka ne”, “ƙwarai”, “ikon Allah”, duk a ƙasa-ƙasa, kuma waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke nuna cewa mutum biyu ne ke hira, ba lacca ake yi ba. Idan malami ya ambaci Annabi yakan sassauta murya wajen salati, idan aka yi addu'a “amin” ɗin ba da ƙarfi take fita ba, kuma dogon wasalin ƙarshen jimla yakan dushe ne a hankali kamar hayaƙi. Duk waɗannan suna iya faɗawa ƙasa da iyaka, manhaja ta share su. Haka nan a kalmomi irin su “hattara” da “ƙwaƙƙwara” baki yana rufewa na ɗan lokaci a tsakiyar kalma, idan kuwa aka gajarta lokacin jira fiye da kima sai a sare kalmar gida biyu. Akwai kuma sabon tsarin da ke fara maida magana rubutu sannan ya yanka ta kan rubutun, irin wanda ya shigo Premiere Pro a 2023, kuma yana da amfani sosai ga hirar Turanci, amma a hirar Hausa, balle wadda aka cakuɗa da Larabci da Turanci a jimla guda kamar yadda mutanenmu ke yi, har yau kunnena na fi amincewa da shi.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Gari ya cika da masu cewa su ma suna tace fodkas, alhali abin da suke yi bai wuce su jefa bidiyo cikin manhajar waya su latsa wuri ɗaya su miƙa wa mai shi ba, ba tare da sun saurari ko minti biyar ba. Su ne suka karya darajar aikin, har ta kai mai shiri zai hawo benenmu ya zauna ya ce mini: “Haba Malam, ai yanzu kwamfuta ce ke yin komai, me za ka yi a ciki da har zai kai haka?” Nakan ba shi abin sauraro ya sa a kunne, in kunna masa minti ɗaya na yankan manhaja zalla, in sake kunna masa wannan minti ɗin bayan ya bi ta hannunmu. A na farko mutum yana magana kamar ana korarsa, ba numfashi, ƙarshen kalma ya hau kan farkon wata, kansa yana zabura a hoto duk bayan sakan uku. Yawancinsu daga nan ciniki yake ƙarewa. Wasu kuma sukan tafi wajen mai araha, bayan mako biyu su dawo da aikin a lalace, wani lokaci ma an goge ainihin abin da aka ɗauka, ba abin da za a ceto.

Zaburar kai da na ambata ita ce rabin aikin da masu latsa wuri ɗaya ba su san da shi ba, domin a rediyo idan ka cire shiru ba mai gani, amma a bidiyo duk yanka yana barin tabo. Muna ɗauka a kan hoto 25 a sakan, ke nan kowane hoto sakan 0.04 ne, idan ka cire sakan ɗaya ka cire hoto 25, hannun da ke sama sai a gan shi a ƙasa babu dalili. Shi ya sa muke ɗaukar kowace hira da kyamara uku, ɗaya a kan mai gabatarwa, ɗaya a kan baƙo, ɗaya ta haɗa su duka, ta yadda duk inda aka yanke sai a sauya kyamara, ido ya ɗauka sauyin wuri ne kawai. Inda kyamara ɗaya ce aka kawo mana, sai mu ɗan matso da hoton a bayan yankan. A ɓangaren sauti kuma kowane mahaɗi sai an narkar da bakinsa kaɗan don kada a ji ƙas, a shimfiɗa sautin ɗakin a ƙarƙashi don kada kunne ya ji kamar an faɗa rami. Kowa da makirufonsa, kuma ba a kiran wuri shiru sai dukkan makirufon sun yi shiru tare. Na sha ganin aikin da aka ɗora awon a kan makirufon mai gabatarwa kaɗai, manhaja ta kwashe amsoshin baƙo ta zubar.

Akwai aikin da ba na mantawa da shi. Wata baiwar Allah da ke shirin tarihin gari ta kawo mana hirar da ta yi da wani dattijo wanda a ƙuruciyarsa ya yi dakon buhuna a lokacin dalar gyaɗa. Ta fara kai wa wani mai araha, ya dawo mata da shi a gajarce, amma ta ce ta kalla ta ji kamar ba mutumin da ta zauna da shi ba ne. Allah ya sa tana da ainihin ɗaukar. Da na saurara sai na iske wurin da ta tambaye shi: “Baba, abokan aikinka na wancan lokaci fa, akwai wanda ya rage?” Dattijon bai amsa ba. Ya sunkuyar da kai, ya kama bakin rigarsa yana murzawa da yatsa biyu, ya ɗago ya dubi ƙofa, ya ja numfashi, sai bayan sakan 11 ya ce: “Ni kaɗai ne, 'yata.” A aikin da aka fara yi mata, amsar ta manne da tambayar kamar an tambaye shi farashin goro. Na mayar da sakan 11 ɗin nan cif, na bar kyamara a kan fuskarsa ban sauya ba, na cire wasu shirun sama da ɗari a sauran hirar waɗanda ba sa ɗauke da komai. Da ta zo karɓa ta kai wannan wuri, sai ta cire abin sauraron ta ajiye, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Tun daga ranar na kafa ƙa'ida a shagon cewa duk shirun da ya wuce sakan 3 manhaja alama kawai za ta yi masa, mutum ne zai saurara ya yanke hukunci. Shirun da ke biyo bayan aya ko hadisi ba ma taɓa shi, haka wanda ke biyo bayan karin magana, domin mai magana ya bar shi ne don maganar ta zauna, haka kuma ɗan jinkirin da babba ke yi kafin ya amsa wa yaro. Hirar barkwanci da ta wasanni muna matse su sosai, hirar malamai da ta dattawa muna sakar musu mara. Bayan haka sai a daidaita ƙarfin sautin gaba ɗaya don ya dace da ma'aunin da YouTube ke bi, kuma ba abin da ke fita daga shagon sai na saurare shi da kaina daga sallama zuwa sallama, sau ɗaya da abin sauraro na kunne, sau ɗaya a lasifikar ƙaramar waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji shi.

Masu ɗaukar hirarsu da kansu su kawo mana tacewa, abu kaɗan nake roƙonsu. Kafin a fara magana kowa ya yi tsit na sakan 30 a ɗauki sautin ɗakin, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarori don mu sami inda za mu haɗa hoto da sauti, a nisanta janareta gwargwadon iko, kuma idan an yi kiran salla a dakata har a gama. Wanda zai ɗauka da waya ya sani cewa wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hoto ɗaya a kowane sakan, abin da kan sa baki da murya su rabu a doguwar hira, saboda haka ya turo mana ainihin fayil ɗin, kada ya bi da shi ta WhatsApp a matse shi. Ƙaramin yaron shagon, wanda ya zo mana bara, ya iya saita manhajar cikin mako guda, amma har yanzu ban bar shi ya miƙa aiki shi kaɗai ba. Kowace safiya nakan ba shi hirar minti 10 ya yanke da hannu tukuna, sannan ya sa manhaja ta yanke, mu zauna tare mu gwada biyun, kuma guntayen zaren maigidana suna nan a cikin gwangwani a kan teburin da yaron yake zama.