Wasiƙa daga Minnesota: ga masu tambayar wane fim ɗin Amurka ya cancanci a ƙona masa data

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da yara, da fatan kowa yana lafiya, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. In na tsaya bi gida-gida da gaisuwa, wasiƙar za ta ƙare ban faɗi abin da ya kawo ni ba, don haka a yi mini afuwa.

Tambaya ce ta ƙi ƙarewa a wayata. "Kawu, wane fim ɗin Amurka ne ya yi kyau bana?" "Yaya, wannan da ake ta zuzutawa, in sa a tura mini ko in bar kuɗina?" Wasu sun ɗauka tunda ina Amurka, maƙwabtaka nake da Hollywood. Tsakanin Minneapolis inda nake da Los Angeles ya kusa ninka Kano zuwa Legas sau uku. Duk da haka ina kallo, musamman da hunturu da ba a iya zaman waje, saboda haka zan amsa wa kowa a lokaci ɗaya: na faɗa, na tarihi, na waƙa, na ban tsoro, katun, barkwanci da soyayya.

Sai dai bari in fara da abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, wato tsawo. Avatar: The Way of Water da ya fito a Disambar 2022 minti 192 ne. Oppenheimer minti 180. Killers of the Flower Moon minti 206, awa uku da rabi ba kaɗan. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a Marhaba da Plaza ba baƙin awa uku ba ne, amma Indiyawa suna da tausayi, fim ɗinsu yana zuwa da wurin hutu a tsakiya. Nan babu. Da fim ɗin minti 206 ɗin nan ya fito a 2023, wasu tsirarun gidajen sinima suka ji tausayin mutane suka saka hutun 'yan mintuna, sai masu rarraba fim ɗin suka aika musu cewa su daina, sun saɓa yarjejeniya.

Ku yi lissafin nan tare da ni. A watan Disamba a garin nan La'asar tana shiga tun biyu da 'yan mintuna, rana kuma ta faɗi wajen huɗu da rabi. Wanda ya sayi tikitin ƙarfe ɗaya, sai an yi kusan rabin awa ana nuna masa tallar mota da ta inshora da ta finafinan da ba su fito ba, sannan a fara abin da ya biya kuɗi dominsa. Kafin ya fito La'asar ta tafi, Magariba ta shigo. In ya ce to bari ya bari sai bayan Isha, zai fito tsakar dare ya tarar sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, mota ta daskare, ya tsaya yana kankare ƙanƙara daga gilashi da yatsun da ba ya jin su a jikinsa. Ga rigar sanyi mai nauyi da ba ka da inda za ka ajiye ta a cikin ɗakin kallon, haka za ka rungume ta awa uku. Gugguru da lemo kuwa, in ba ka yi hankali ba, sun fi tikitin tsada. Ranar Talata ce yawancin gidajen suke rage farashi, shi ya sa za ka ga ɗalibai da tsofaffi da irinmu a ranar.

Sai maganar sauti. Kiɗa da ƙarar fashewa suna danne magana, jarumai kuma yanzu sun koyi yin magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Kada wani ya zargi Turancinsa: Amurkawan da aka haifa da harshen, musamman matasa, da yawansu sai sun kunna rubutu a ƙasan allo suke kallo a gida. Hoton ma ana yin sa da duhu, in dare ya yi a fim sai ka ga fuskarka a allon waya maimakon ta jarumi.

Wannan ne ya ba ni ma'aunin da nake amsa muku da shi. Yawancinku a waya za ku kalla, wataƙila da abin saurare ɗaya a kunne, ɗayan a kunnen aboki. To tambayar ita ce, in aka cire ƙaton allo da lasifikokin da suke girgiza kujera, me ya rage a fim ɗin?

A finafinan faɗa sau da yawa abin da yake ragewa kaɗan ne. Na jarumai masu tashi sama na kamfanin Marvel sun gaji, masu kallo ma sun gaji. The Marvels na 2023 bai tara abin da ya wuce dala miliyan 200 da 'yan kai ba, mafi ƙaranci a duk jerin finafinan nasu. Deadpool & Wolverine na 2024 ya haura dala biliyan 1.3, amma rabinsa shaguɓe ne ga tsofaffin finafinai, wanda bai kalli waɗancan ba zai ga mutane suna ta zage-zage ba dalili, ga batsa. Top Gun: Maverick na 2022 ya fi su nesa ba kusa ba. Labarinsa ko yaro zai bi, kuma 'yan wasan an ɗauke su ne a cikin jiragen yaƙi na gaske suna sama, ana ganin fuskarsu tana sakwarkwacewa. A dai sani cewa rundunar sojin ruwan Amurka ce ta ba da jiragen, ba za ta ba da su a yi fim ɗin da zai zage ta ba, abokan gabar ma ba a faɗi ko 'yan wace ƙasa ba ne. Daraktansa Joseph Kosinski ya sake irin wannan dabara a F1 na 2025, na tseren mota, da Brad Pitt da Damson Idris, ɗan Birtaniya mai asali da Najeriya. Dune: Part Two na 2024 kuwa aiki ne na ƙwararru, an ɗauki saharar a Jordan da Abu Dhabi, labarin wani ɗan sarauta ne baƙo da mutanen hamada suka ɗauka shi ne Mahadin da suke jira, shi kuma ya hau kan imaninsu ya kai ga mulki. Akwai abin tunani a ciki sosai ga duk wanda ya san tarihin masu da'awar Mahadi a Sudan da ƙasar Hausa. Amma a waya an yi asarar rabinsa, in da hali a nemi talabijin.

Na tarihi su ne suka fi jure ƙaramin allo. Oppenheimer, labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ya ci lambar yabo ta Oscar guda 7 a 2024 kuma ya cancanta, don ya mai da zaman kwamiti da gardamar masana kimiyya abin da ba ka son ƙiftawa. Ƙorafina da shi biyu ne. Ba a nuna mutanen Hiroshima da Nagasaki da bam ɗin ya faɗa wa ba, sai damuwar wanda ya ƙera shi. Kuma mafi yawan yuraniyam ɗin da aka yi aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi, fim ɗin bai tsaya a kan wannan ba. 'Yan uwanmu na Arlit, garin haƙar yuraniyam a Nijar, sun fi kowa sanin yadda ake mancewa da mai haƙa. Akwai kuma wuraren tsiraici, har a Indiya da ƙasashen Larabawa sai da aka lulluɓe 'yar wasan da baƙar riga ta kwamfuta, saboda haka ba fim ɗin falo ba ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Killers of the Flower Moon, duk da na gama zagin tsawonsa. Labari ne na gaske. Ƙabilar Osage, cikin mutanen asali na ƙasar nan, an tura su wani yanki a Oklahoma, sai aka gano man fetur a ƙarƙashinsa. A shekarun 1920 suka zama cikin mafi arzikin mutanen duniya, amma doka ta ɗora wa da yawansu Turawa a matsayin waliyyan dukiya, mutum da kuɗinsa sai ya nemi izini. Tunda kason man ana gadonsa, sai wasu suka shiga auren matan ƙabilar suna kashe danginsu ɗaya bayan ɗaya don gadon ya taru a hannu ɗaya. Leonardo DiCaprio ya fito a mijin da yake zuba wa matarsa guba a allurar ciwon suga, yana kuma rantsuwa yana son ta, kawunsa yana juya shi. Lily Gladstone da ta fito a matar ba ta cika magana ba, da ido take wasan. An saka fim ɗin a takarar Oscar a rukuni 10, bai ci ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado ya ga yadda fuskoki suke canjawa, ba ya buƙatar a yi masa bayanin fim ɗin nan. Ku raba shi dare biyu, a waya ba mai hana ku hutu.

The Woman King na 2022 an yi ta tambaya ta a kansa don labarin maƙwabtanmu ne, mayaƙa mata na Dahomey da yaƙinsu da daular Oyo. Faɗan ya yi kyau, Viola Davis ta yi ƙoƙari. Tarihin ne aka yi wa kwaskwarima, domin Dahomey ta Sarki Gezo da cinikin bayi ta yi ƙarfi, fim ɗin kuma ya nuna kamar tana neman hanyar bari. A kalla don nishaɗi, kada a kafa hujja da shi a makaranta. Masu son siyasa su nemi Conclave na 2024, kan yadda manyan limaman Katolika suke kulle kansu su zaɓi Fafaroma. Ba duka ba tsere, sai kamun ƙafa da tonon silili, har da ɗan takara daga Najeriya. Awa biyu cif. Ƙarshensa ya jawo ce-ce-ku-ce, ba zan faɗa ba.

Ga wani abu da ya kamata 'yan Kannywood su duba. Joker na farko ya haura dala biliyan 1 a 2019. Na biyunsa a 2024 aka cusa masa waƙoƙi, da an fara shiga labari sai a tsaya a rera, mutane suka watse, da ƙyar ya tara kwatankwacin abin da aka kashe wajen yin sa. A shekarar dai Wicked, wanda kusan rabinsa waƙa ne, ya haura dala miliyan 700. Bambancin shi ne a Wicked in ka tsallake waƙa ka tsallake labari, a ɗayan kuwa in ka tsallake ba ka rasa komai ba. Mun sha gardamar ko a cire rawa da waƙa daga finafinanmu, ban cika jin ana tambayar aikin da waƙar take yi a wurin da aka saka ta ba.

Ban tsoro ba abincina ba ne, amma Sinners na 2025 ya sa na zauna. Tagwaye ne, duka Michael B. Jordan ya fito a su, suka koma Mississippi a 1932 zamanin wariyar launin fata suka buɗe gidan kiɗa, masu shan jini suka zo ƙofa suna roƙon a ce musu bismillah su shigo. Wunmi Mosaku, haifaffiyar Najeriya, ta riƙe nata wurin da kyau. Abin da ya fi burge ni ma a bayan fage yake: darakta Ryan Coogler ya ƙulla da kamfanin cewa bayan shekara 25 mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa. A 2023 marubutan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa na kwana 118, kan kasonsu a finafinan da ake kallo ta intanet da kuma tsoron a maye su da ƙirƙirarriyar basira. Marubucin da yake sayar da labarinsa a tsaye ba ko takarda, ya ji wannan.

Iyaye, katun ba duka ne na yara ba. Kusan kowane fim a nan yana da tambari: G na kowa ne, PG a kalla da iyaye, PG-13 a yi hattara da 'yan ƙasa da 13, R kuma ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga sai da babba. Mai tura finafinai a kasuwa ba zai faɗa muku ba, ku rubuta sunan fim ɗin a waya ku duba, kuma ku tuna ma'aunin nasu ne, abin da suka kira PG-13 wani lokaci sai ka nemi rimot. Inside Out 2 na 2024, wanda ya fi kowane fim kuɗi a shekarar da kusan dala biliyan 1.7, yana da kyau ga mai 'ya'ya 'yan 12 zuwa 15, don yana nuna yadda fargaba take ƙwace tuƙi a kan yarinya mai tasowa. Minti 96 ne kacal, Allah ya saka musu.

Kada kuma lambar yabo ta ruɗe ku. Anora da ya zama gwarzon Oscar a 2025 an yi shi da dala miliyan 6 ne kawai, abin a yaba, amma labarin mai rawar gidan dare ne, kuma ba a ɓoye komai ba. Makin Rotten Tomatoes, shafin da yake tara ra'ayin masu sharhin fim, da kuke turo mini shi ma ba makin jarrabawa ba ne. In an rubuta kashi 90, ana nufin cikin masu sharhi 100, 90 sun ce ba laifi, ko da ba wanda ya ce ya burge shi.

Barkwanci na yi alkawari, amma dariyarsu ba ta cika ƙetare teku ba, ni kaina sau da yawa ɗakin yana dariya ina kallon mutane. Na soyayya kuwa yawanci yanzu ba sa zuwa sinima, kai tsaye ake zuba su a intanet, kuma wanda ya saba da na Indiya zai ga sun yi masa lami. Wannan sai wata wasiƙar, in sanyi ya sassauta.

A gaida mutan gida. Wassalam.

Naku, daga Minneapolis.